Tambaya Ta Bakwai

Dakta ya ce injin yana warkar da cuta tamanin da ɗaya. Ya ce ta tamanin da biyun ma an kusa, masana suna kan bincike. Ya faɗi haka ne a falon Baba ranar Asabar da hantsi, yana zaune a kujerar da ta fi kowace laushi, farar rigar likita a jikinsa, abin sauraron ƙirji rataye a wuya, duk da cewa gaisuwa ce ta kawo shi.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Ta san mijin yayarta tun yana sayar da batirin sola. Daga batir ya koma shayin rage ƙiba, daga shayi ya koma wata katifa mai maganaɗisu da aka ce tana tsotse ciwon baya. Har yanzu akwai guda biyu a ɗakin ajiyarsu, ɓeraye suna ta samun lafiya a kai. Bara ya yi tafiyar kwana goma sha biyu, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, ya ce daga yau a riƙa ce masa Dakta. Matarsa, Anti, ce ta fara, sai Mama, sai maƙwabta. Su kansu 'ya'yansa sai da aka yi musu gyara.

"Wani dogon tanki ne na gilashi, Baba," ya ce, yana auna tsawonsa da hannu biyu. "Ka kwanta a ciki kamar kana kan gadonka. A rufe, a cika shi da iskar oksijin tsantsa, a matsa ta. Ta shiga jini, ta shiga ƙashi, duk jijiyar da ta mutu ta je ta tashe ta. Awa ɗaya da rabi. Akwai wanda aka kawo min a keken guragu, a zama na shida yake tambayata ina ake sayar da takalmin ƙwallo."

"Ikon Allah," in ji Mama.

Baba ya sunkuyar da kai. Hannunsa na dama yake kallo, yana ajiye a kan cinyarsa kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Shekara talatin da huɗu yana gyaran agogo. Wata takwas da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Yatsun da suke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, yanzu cokali yana gagarar su.

"Hannun fa?" ya tambaya a hankali.

"Hannu? Ai hannu shi ne mafi sauƙi. Zama goma. Kyauta, Baba, ni ɗanka ne. Ɗan bidiyo kawai za mu ɗauka, kafin a fara da bayan an gama, mutane su gani. Ranar Laraba."

Sai ya zaro wani littafi mai kauri daga jaka, da takarda guda, ya miƙa wa Auta.

"Autar Mama, ke ce mai fotokwafi. Wannan littafin injin ne. Ki yi min kwafi biyu, ki sa musu bango mai kyau, irin wanda ake hangowa daga nesa. Wannan kuma fom ne na marasa lafiya, ɗari biyu. Kada ki wahalar da kanki da karantawa, Turancin likitoci ne, zai sa miki ciwon kai."

"To, Dakta," ta ce.

Littafin yana cikin ledar da ya zo da ita daga kamfani. Ba a taɓa yage ta ba.

* * *

Shagon da Auta take aiki ɗaki ne guda a ƙarƙashin bene: injin fotokwafi biyu, fanka ɗaya, da warin takarda mai zafi. Karatunta a sakandare ya tsaya, amma shekara biyar ke nan duk abin da ya bi ta kan gilashin injin sai ya bi ta idonta. Ta san dokar haya. Ta san rabin yadda ake kiwon kifi, don ɗalibin da ya kawo littafin bai taɓa kawo sauran rabin ba. Kalmar da ta gagare ta, sai ta tambayi wayarta.

Injin Dakta na gaske ne, wannan ta yarda. Littafin ya jero abin da aka yi shi dominsa: gyambon masu ciwon sukari da ya ƙi warkewa, wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, masu nutso a teku da suka yi saurin fitowa, da wasu. Ta ƙirga da yatsa. Ba su kai ashirin ba. Ta sake ƙirgawa ko sittin da wani abu sun maƙale a bayan shafi. Hannun mai gyaran agogo ba ya ciki.

A shafi na goma sha huɗu ta ga an zana akwati da jan layi, an sa waɗanda bai kamata su shiga ba sai likita ya duba su da hoton ƙirji. Na farko, mai huhun da ya taɓa sacewa, ko mai ƙananan buhunan iska a huhu. Bayanin a fili yake. Lokacin da aka matsa iska, tana cusa kanta ko'ina. Lokacin da aka sassauta, sai ta kumbura. Idan ta sami hanya ta fita, lafiya. Idan ta maƙale a wuri mai rauni, sai ta fasa shi.

Ta ɗauko fom ɗin. Tambaya ta bakwai: Ka taɓa yin ciwon huhu, ko an taɓa yi maka tiyata a ƙirji?

Injin yana ta tofo takardu, ɗari biyu, kowace da tambayarta ta bakwai. Auta ta zauna.

Shekara bakwai da suka wuce, saura wata huɗu auren Anti, Baba ya kamu da tarin fuka. Uwar ango mace ce da take wanke kofi sau biyu idan baƙo ya sha ruwa, kuma a gabansa take yi. Mama ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta sanar da dangi cewa Baba ya tafi wani gari yin kwas na sababbin agogo. Garin shi ne gado na tara a asibitin da ke ɗaya gefen birni. Huhunsa ya sace sau biyu, daga ƙarshe aka yanke wani sashe na hagu. Auta tana da shekara sha shida, ita take kai abinci, kuma tana tsaye ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga ya nuna wasu 'yan da'irori a saman huhun dama. Ya ce waɗannan fatarsu ba ta kai ta albasa kauri ba, a kiyaye.

Baba ya halarci auren a rame, aka ce ruwan garin ne bai karɓe shi ba. Har yau Dakta yakan tambaye shi labarin garin, shi kuma Baba yakan ba shi, har da yadda kasuwarsu take.

* * *

Ta sami Mama a kicin tana yanka albasa. Anti ta kawo yara yini, tana zaune a ƙaramar kujera tana latsa waya.

"Mama, Baba ba zai shiga tankin nan ba."

"Ko sannu da gida babu?"

"Sannu da gida. Ba zai shiga ba." Ta ajiye shafin a kan murfin tukunya, ta yi musu bayani yadda ta fahimta, da misalin balan-balan da aka hura har ya yi siriri a gefe guda.

Anti ba ta ɗago ba. "Oho. Yanzu ke ce likitan. Mutum ya bar iyalinsa ya je ya yi karatu."

"Kwana goma sha biyu, Anti. Har da ranar tafiya da ranar dawowa."

"Kin ji ta ko, Mama? Tun ranar da ya sa farar rigar nan take jin zafinsa."

"Ba rigar nake ji ba. Ko rigar matuƙin jirgi ya ga dama ya sa, muddin ba Baba zai ɗauka ba."

"Ai ya warke," in ji Mama. "Shekara bakwai ko tari ba ya yi."

"Tarin ya warke. Huhun da aka yanke bai tsiro ba. A faɗa wa Dakta kawai, ya san abin da zai sa a injinsa."

Sai a lokacin Anti ta kife wayar a cinya.

"A faɗa masa me? Cewa shekara bakwai muna zuba masa ƙarya, shi da uwarsa? Kin san matar nan. Har yau in yaro ya yi atishawa sai ta tambaya ko a danginmu akwai wani abu. Ranar da ta ji 'yar mai tarin fuka aka kai mata, kuma aka rufe ta, ina zan sa kaina? Ke ba ki da abin asara, daga ke sai injin fotokwafi."

"Ina da uba."

"Ni a bishiya aka tsinko ni?"

"To a ce masa Baba ya fasa. A ce yana jin tsoro."

"Ya riga ya sanar wa duniya, ya ɗauko mai bidiyo. Surukinsa ya ƙi shiga injinsa, wa zai shiga kuma?"

Mama ta ajiye wuƙar. Idonta ya yi ja, albasa ce ko ba albasa ba.

"Auta, ni na ɗinka rufin asirin nan, ni kaɗai na san abin da ya ci min. Iska ce fa. Iskar da ake sa wa marasa lafiya a hanci su farfaɗo. In kika buɗe baki kika faɗa wa mijin yayarki maganar nan, ban yafe miki ba."

Auta ta tsaya tana kallon su. Ta ɗauke shafinta. Tururi ya jiƙa shi, jan layin ya fara narkewa.

Baba yana ɗakinsa a gaban ɗan teburin da ya jera kayan aikinsa. Ya sa hantsaki a tsakanin yatsun dama, ya riƙe su da hannun hagu yana matsawa. Yana saki, hantsakin ya faɗi.

"Na ji ku," ya ce. "Bangon gidan nan ba shi da kauri."

"Baba, zai iya kashe ka."

"Zai iya." Ya ɗauki hantsakin ya mayar wurinsa. "Jiya minti arba'in na yi ina sa maɓallin riga. Na duba agogo. Abin da ya rage min da agogo ke nan, dubawa."

"Littafin bai ce yana gyara hannu ba."

"Ya ce ba ya gyarawa?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Gidan ya riga ya cika da ita, babu wurin ajiye wata. "Bai ce komai a kai ba."

"To." Ya tura mata fom ɗin da Dakta ya bar masa. "Cike min, ke ce mai hannu."

Ta cike suna, ta cike shekaru. Da ta zo tambaya ta bakwai sai ta danna biro a kan Eh har takardar ta kusa hujewa, ta rubuta a gefe da manyan baƙaƙe: an yanke sashen huhun hagu, akwai buhunan iska a na dama. Baba ya sa hannu da hagu bai karanta ba, ko kuma ya karanta ya yi kamar bai gani ba. Ta sa a ambulan ta liƙe, ta ɗora a kan talabijin. Ta nemi hutun ranar Laraba a wurin mai shago. Tana so ta kasance a tsaye lokacin da Dakta zai buɗe.

* * *

Ranar Talata, wajen sha ɗaya na safe, tana tsakiyar kwafin takardun wani lauya wayarta ta yi ƙara. Dakta ya saki sabon bidiyo. Baba ne kwance a cikin dogon gilashi, sanye da rigarsa ta fita wadda ta sha guga, yana ɗaga wa duniya hannun hagu. A ƙasa an rubuta: Surukina da kansa.

Ta bar injin yana aiki, ta bar lauyan da baki buɗe.

Cibiyar Dakta tana saman wani shagon kujeru. Matakala ashirin da biyu, sannan ƙofar gilashi, sannan furannin roba. A kan kantar karɓar baƙi ga littattafan nan biyu da ta yi wa bango, a jere gwanin sha'awa, ana hango su daga nesa. Kan tebur kuma ga fom ɗin Baba. Ba nata ba. Sabo ne fil, ɗaya daga cikin ɗari biyun da ta buga da hannunta, da rubutun Anti mai zagaye-zagaye. A'a, a'a, a'a, tun daga sama har ƙasa, a miƙe kamar an dasa shinge.

Ta tura ƙofar ciki. Ɗakin yana da sanyi, tankin yana huci a tsakiya. Mama da Anti suna zaune a kujerun roba da jakunkunansu a cinya. Wani mutum mai tumbi yana riƙe da kyamara. Dakta yana tsaye ya dafa gilashin yana yi wa kyamarar magana.

"Kamar yadda kuke gani, masu kallo, a yanzu haka iskar ta isa gwiwar hannu."

Ƙamshin turaren Baba yana nan a ɗakin. Agogonsa yana ɗaure a hannunsa a cikin tankin. Littafin ya hana turare, ya hana agogo, ya hana kowace riga in ba ta auduga zalla ba, saboda gobara. Wannan shafi na tara ne. Ba ta da lokacin shafi na tara.

"Tun yaushe yake ciki?"

Anti ta miƙe. "Mai bidiyon ne ba shi da lokaci gobe, shi ya sa..."

"Tun yaushe?"

"Minti hamsin," in ji Dakta, yana murmushi. "Autar Mama, matsa kaɗan, kin shiga hoto."

"An yanke masa huhu."

"Auta," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tarin fuka ya yi, shekara bakwai da suka wuce. Huhunsa ya sace sau biyu, aka yanke na hagu. Na daman akwai buhunan iska. Babu wani kwas, babu wani gari. Na rubuta a fom, aka canza fom ɗin."

Abu na farko da Dakta ya yi shi ne ya juya ga mai tumbin. "Kashe wannan." Sannan ya dubi matarsa. Anti ta dubi jakarta.

"A wurina?" ya ce. Muryarsa ta sirance, ta koma ta mai sayar da batir. "Kuna so ya mutu a wurina? Wata uku da buɗewa?"

Ya zagaya bayan tankin da sauri, inda wani jan mariƙi na sakin iska yake.

"A hankali ake sauke shi," in ji Auta. "Kusan minti goma sha biyar, kaɗan-kaɗan. Yana shafi na ashirin da biyu. Yaya, kada ka..."

Ya riga ya ja.

Iskar ta fita da ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe a ɗaki. Gilashin ya yi hazo daga ciki. Ta cikin hazon Auta ta ga Baba ya kai hannun hagu kunnensa, ya yamutse fuska, sannan hannun ya sauko ƙirji ya damƙe rigar. Bakinsa ya buɗe yana neman abin da aka ce an cika tankin da shi. Ya bugi gilashin sau biyu. Hannun dama yana kwance inda aka ajiye shi.

Da aka zaro shi, leɓensa ya koma launin toka. Jijiyoyin wuyansa sun tashi. Dakta ya ɗora masa abin sauraron ƙirji a kan riga, bai ma sa ɗaya bakin a kunne ba. Mai bidiyo da masu shagon kujeru ne suka sauko da Baba, a kan wata sabuwar doguwar kujera da ledarta, matakala ashirin da biyu.

* * *

Likitar da ta karɓe shi a asibiti gajeruwar mace ce da takalmin roba, aljihun rigarta duk tawadar biro. Ba ta tambayi kowa sunansa ba. Ta saurari ƙirjin, ta sa almakashi ta tsarge rigar fitar Baba daga wuya har ƙasa, ta soka wata doguwar allura a ƙasan ƙashin wuyansa na dama. Iska ta fito tana shiii. Auta ta ji da kunnenta kafin a kore su waje.

Da la'asar aka bar su suka shiga. Baba yana jingine a gado, an rufe shi da farin zani zuwa wuya. Wata roba ta fito daga haƙarƙarinsa ta gangara cikin kwalbar ruwa a ƙasan gado. Duk numfashin da ya yi sai ruwan ya yi ƙwal-ƙwal. Idonsa a buɗe yake, amma rufin ɗaki yake kallo.

Mama ta zauna a ɗaya gefen. Tun a mota ba ta dubi Auta ba. Anti tana baranda tana yi wa uwar mijinta kuka a waya, ana jin tana cewa, "Wallahi Hajiya ni yarinya ce lokacin."

Auta ta bi likitar zuwa wurin wanke hannu.

"Likita, da ban yi magana ba, da ya gama lokacinsa ya sauke shi a hankali. Ni na firgita shi."

Likitar ta ci gaba da murza sabulu. "Wataƙila da ya fashe ko a hankali aka sauke. Wataƙila da bai fashe yau ba sai zama na uku. Ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba." Ta rufe famfo da gwiwar hannu. "Mu ma muna tura mutane injin nan, yana ceton ƙafafun da za a yanke. Amma ba na tura kowa sai na ga hoton ƙirjinsa. Da an ɗauki na mahaifinki, da ba ma wannan maganar."

"Zai tashi?"

"Huhun yana buɗewa. Amma dama can ɗaya da rabi gare shi. Mu ga kwana uku."

Ba su gama komawa gadon ba Dakta ya shigo. Ya je gida ya sake farar riga, wannan ta fi ta safe guga. Ya sa tabarau. Ya wuce Auta kamar ƙofa ce, ya miƙa wa likitar hannu.

"Sannu da ƙoƙari, abokiyar aiki. Ni ne shugaban cibiyar da aka kawo shi daga can. Na ce bari in zo mu haɗa kai a kan mara lafiyarmu."

Likitar ta dubi hannun, nata a jiƙe suke. "Kai ka sa shi a injin?"

"A ƙarƙashin kulawata, eh. Kuma ni na yi saurin fito da shi, da yanzu wani labarin ake."

"Ka ɗauki hoton ƙirjinsa?"

"To, kin san mu da muka saba, kunne ya ishe mu." Ya taɓa abin da ke wuyansa. "Ba na sa kowa a injina sai na duba shi da kaina. Shi ma na shiga da shi ɗaki, na sa ya cire riga, na bi ƙirjin nan gaba da baya, babu inda ban taɓa ba. Lafiya lau. Babu alamar komai da za ta sa mutum ya yi zargi. Iyalin ne suka ɓoye min tarihi, ga fom nan da sa hannunsu." Ya juya ya dubi Mama a karo na farko. "Shekara bakwai ina cin abinci a gidan nan."

Mama ta sunkuyar da kai. Auta ta cusa hannuwanta a hammata.

"Gaba da baya," in ji likitar.

"Gaba da baya."

"To. Taimaka min, zan duba bayansa."

Ba Dakta ta ce wa ba, Auta ta ce wa. Suka riƙe Baba a kafaɗu suka sunkuyo da shi gaba a hankali saboda robar. Zanin ya zame ya taru a cinyarsa.

Tabon ya taso ne daga ƙasan allon kafaɗarsa ta hagu, ya yi baka ya bi haƙarƙari, ya zagayo ta ƙarƙashin hammata har gaban ƙirji. Ya fi taƙi biyu, kaurinsa kamar ɗan yatsa, fari-fari a kan baƙar fata, da ɗigon ɗinki a jere gefe da gefe. Matar da ke jinyar mijinta a gado na uku ma ta gan shi daga inda take.

Likitar ta matso. Ta ɗora abin sauraronta a kan tabon daidai, ta ce wa Baba ya ja numfashi. Ruwan kwalbar ya yi ƙwal-ƙwal.

Dakta ya cire tabarau, ya duba shi, ya mayar.

Baba ya lalubo bakin zanin da hannun hagu yana ƙoƙarin jawo shi kafaɗa, don surukinsa yana tsaye. Zanin ya maƙale a ƙarƙashin hannun dama, ya ƙi tahowa. Auta tana dab da shi. Ba ta ja masa ba.